Wanda Ya Karanta Shari'a a Kongo, Lauya Ne Ko Alƙali?

[Ƙofar Kongo, ɗalibai cikin fararen riguna da baƙaƙen wanduna]

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wata magana ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: wai wanda ya karanta Shari'ar Musulunci a Jami'ar Ahmadu Bello ba cikakken lauya ba ne, iyakarsa rabon gado da raba aure. Ku biyo ni Zariya, mu je Kongo, harabar jami'ar inda Tsangayar Shari'a take.

[Tsofaffin hotuna]

Kongo ta girmi jami'ar kanta. A 1947 makarantar horar da akawuna ce, daga baya ta zama Cibiyar Koyon Mulki. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana su duba tsarin kotunan Arewa, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Daga nan aka samu kundin Penal Code, wanda aka ɗora a kan na Sudan, ya fara aiki a 1960. To, sabuwar doka ta zo, alƙalan En'e kuma da littattafan fiƙihu irin su Risala da Mukhtasar suka tashi. Wa zai koya musu? Sai aka riƙa kwaso su rukuni-rukuni zuwa Kongo. Da aka buɗe jami'a a 1962, Tsangayar Shari'a ta tarar da gida a share. A 1966 aka ƙara mata Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci.

[Cikin aji]

Yauwa, a nan ake ruɗewa, don haka mu tafi sannu a hankali.

Hanya biyu ce a tsangayar. Akwai mai karanta dokokin ƙasa zalla, akwai mai haɗa su da Shari'ar Musulunci. Ku riƙe kalmar nan, haɗawa. Ɗalibi na biyun ba a ɗauke masa tsarin mulki ba, ba a ɗauke masa dokar laifuka ko ta filaye ko ta kamfanoni ba. Duk zai yi su, sannan a ɗora masa Usulul Fiƙhi da gado da mu'amalat. Kaya biyu a ka ɗaya. Shekarun ma ɗaya ne, biyar ga wanda ya shigo ta JAMB. Ni dai in na ga yaro ya zaɓi wannan hanya, jinjina masa nake yi, don in ka taɓa gwada lissafin gado mai awli, wato inda kason magada ya haɗu ya zarce dukiyar, ka san ba wasa ba ne.

[Bagauda, sannan Bwari]

Kuma duka biyun, ranar da suka karɓi digiri, babu lauya a cikinsu tukuna. Sai sun wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda ta fara da ɗalibai 8 a Legas a 1963, hedikwatarta yanzu tana Bwari, tana kuma da reshe a Bagauda ta Kano. Aji ɗaya, jarrabawa ɗaya. Wanda ya ci a rantsar da shi, ya sa gashin nan da baƙar riga, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Daga ranar zai iya tsayawa gaban kowace kotu a ƙasar nan.

[Ginin Kotun Ɗaukaka Ƙara]

Ƙasar ma tana neman irinsu. Tsarin mulkin 1999 ya ce dole a samu aƙalla alƙalai 3 masana Shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

[Hoton rantsuwa, 2019]

Wannan da kuke gani Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad ne. Ya gama Kongo a 1980 ta ɓangaren Shari'ar Musulunci, aka rantsar da shi lauya a 1981, a 2019 kuma ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya.