Yadda ake duba faifan garmaho na hannu kafin a biya kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga faifan yau a hannuna, Jazzmatazz kashi na ɗaya, wanda marigayi Guru na ƙungiyar Gang Starr ya fitar a 1993. 'Yan gambarar zamani sun saba yanko kiɗa daga tsofaffin faya-fayai, shi kuwa bai tsaya nan ba, sai ya kira makaɗan jaz ɗin da kansu: Donald Byrd da kakakinsa na Turawa, da Roy Ayers, da Branford Marsalis. Har da MC Solaar, haifaffen Dakar wanda iyayensa 'yan Chadi ne, yana zuba tasa da Faransanci.

To, bismillah. Ku kalli yadda na riƙe shi, tafin hannu a gefe da gefe, yatsa ba ya taɓa tsakiya. Ku karkata shi ga haske. Kun ga wannan ɗan zanen fari? Na kwalinsa ne, ba ya hana komai. Wanda ake tsoro shi ne wanda za ku ji tudunsa in kun shafa a hankali, domin duk zagayen da allura ta yi sai ya ce ƙas. Sannan ku ɗaga faifan daidai ido. In ya lanƙwashe, galibi zafi ne ya taɓa shi, kuma da wuya ya koma daidai.

Amma ni ido ba ya isata. Faifai na iya sheƙi alhali tsohuwar allura ta riga ta cinye shi. Ku ce wa mai kaya, "Malam, don Allah ɗora mini shi." A sa shi a gudu 33, wato zagaye 33 a minti ɗaya, ku nemi inda Donald Byrd yake busa. Ganga tana rufa wa faifai asiri, kakaki ba ya rufawa. In busar ta hau sama kuka ji tana tsagewa kamar ana yaga ƙyalle, siririn ramin da allura take bi ya gaji, wanki ba zai gyara shi ba. Ku fi kasa kunne ga waƙar ƙarshe ta kowane gefe, can kusa da tsakiya, nan lahanin ya fi fitowa.

Ƙarar ƙura kuwa ba komai ba ce. Tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi, a bi zagayen ramin, kada a jiƙa takardar tsakiya. In ya bushe, a tsaye ake ajiye shi, nesa da taga.

Bari in sauke allurar, ku ji wannan da kunnenku.