Leza Marar Madubi: Abin da Haske Ke Yi a Cikin Hoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya suna ji na? Madalla.

Duk wanda ya zauna ajin fiziks an koya masa cewa leza tana tsaye ne a kan abu uku: sinadarin da zai ƙara wa haske yawa, wutar da za ta ciyar da sinadarin, da madubai biyu masu fuskantar juna. Haka Theodore Maiman ya haɗa ta farko a watan Mayu na 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a Kalifoniya. Guntun jan yakutu ne, aka shafa wa bakinsa biyu azurfa, aka kewaye shi da fitila mai walƙiya. Abin da na zo in gaya muku yau shi ne, na ukun nan ba wajibi ba ne. Ana iya cire madubin, leza ta tashi.

Me madubin yake yi tun farko? A 1917 Einstein ya nuna cewa idan atam ya ƙoshi da makamashi, sai ƙwayar haske ta gifta kusa da shi, zai saki wata ƙwayar irinta sak, launi ɗaya, taki ɗaya. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Sai dai haske ba shi da zama. Kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa guda, kafin ya hayayyafa ya riga ya fice. Madubi tsare shi kawai yake yi, ya mayar da shi ciki, ya sake mayar da shi, har ribar ta rinjayi asara. Ke nan abin nema shi ne haske ya daɗe a ciki. Ta wace hanya ya daɗe, wannan wata magana ce daban.

Ku dubi kofin gilashin nan. Ruwa ne zalla. Na haska wannan 'yar lezar ta nuni, kun ga jan ɗigonta a bango, ta ratsa ta wuce abinta. Yanzu na ɗiga madara kaɗan. Kun ga layin ya fito ɓaro-ɓaro a cikin ruwan? Bari in ƙara. To, layin ya ɓace, ɗigon bango ya ɓace, kofin gaba ɗaya ya yi ja. Babu wani farin rini a cikin madara. Ƙananan ɗigogin kitse da furotin ne suke ta karkatar da haske ta ko'ina. Abin da ya sa gajimare fari ke nan, da gishiri, da farin fenti, kuma shi ya sa lokacin hunturu hazo kan sa rana ta dusashe har ka iya hango ta kamar faifai. Gilashin taga ma, in ka dake shi ya zama gari, fari fat zai koma.

Tafiyar haske a irin wannan wuri tafiyar baƙo ce a lungunan tsohon birnin Kano, wanda duk inda ya iske mararraba sai ya bi inda ƙafa ta kai shi. Zai fita, amma sai ya sha yawo. Lissafin ma sananne ne: idan kaurin abin ya ninka taki ɗaya sau goma, sai an yi taki wajen ɗari kafin a fita; idan sau ɗari ne, taki wajen dubu goma.

Wanda ya fara ganin amfanin wannan yawo shi ne Vladilen Letokhov, a cibiyar Lebedev da ke Mosko. A 1966 shi da abokan aikinsa su Nikolai Basov suka cire madubi ɗaya suka sa abu mai watsa haske a gurbinsa, leza ta yi aiki. Zuwa 1968 sai Letokhov ya yi lissafin cire duka biyun. Hujjarsa tana burge ni saboda sauƙinta. Riba tana zuwa ne daga dukan cikin curin, asara kuwa ta fatar waje kaɗai take fita. Idan curin ya girma, ciki ya fi fata saurin ƙaruwa, don haka akwai girman da in aka kai shi, haske zai yi ta ninkuwa. Lissafi ɗaya ne da na nutron a cikin yuraniyom, wato na bam ɗin nukiliya, shi ya sa ake yi wa abin laƙabi da bam na haske. Kada hankalin kowa ya tashi, ba ya fashewa.

Lissafin ya daɗe a takarda. A 1986 Markushev da abokan aikinsa suka ga alamarsa a garin lu'ulu'u mai ɗauke da ƙarfen niyodimiyom. Amma abin da ya ta da ƙura shi ne aikin Nabil Lawandy na Jami'ar Brown a 1994. Ya narka rinin rodamin a cikin metanol, ya zuba hodar titaniyom dayoksaid, wato farar hodar da ake sa wa fenti da man goge baki, ya harbe ta da hasken wata lezar. Da ƙarfin ya haye wani mizani, sai faɗin jerin launukan da ke fitowa ya tsuke fiye da sau goma. Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce wannan ba leza ba ce, haske ne kawai da aka ƙara wa ƙarfi.

A 1999 Hui Cao, tana Jami'ar Northwestern a lokacin, ta gwada hodar zink oksaid, wadda ake sa wa man shafawar jarirai. Ita wannan hodar aiki biyu take yi, tana watsa haske, tana kuma ƙara shi. Maimakon tudu ɗaya mai santsi, sai na'urar auna launukan haske ta nuna tsinaye siri-siri a wajen nanomita 380 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, da shi ake auna launin haske), kowanne faɗinsa bai kai nanomita ɗaya ba. A nan misalin baƙon ya gaza, domin haske igiya ne, kamar igiyar ruwa, kuma igiyoyi in sun haɗu ko su ƙarfafa juna ko su kashe juna. A cikin hodar akwai wasu launuka ƙalilan da tsarin ƙwayoyin ya dace da su, su ne suke tashi. Ka matsar da inda kake haskawa kaɗan, tsinayen su sauya. Kowane curin hoda da irin nasa zanen.

Wannan ya kai mu ga Philip Anderson, wanda a 1958 a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka ya nuna cewa idan hargitsin cikin abu ya yi yawa, ilektron zai daina yaɗuwa, ya maƙale wuri ɗaya. Yana cikin aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1977. Tambayar ita ce, ko haske ma zai maƙale haka? A siririn layi da kuma shimfiɗaɗɗen fili an tabbatar. A curi mai tsawo da faɗi da kauri kuwa, an sha wuya. A 1997 Diederik Wiersma da Ad Lagendijk da abokansu suka ce sun gani a hodar galiyom arsenaid. Wasu masana suka ce a'a, hodar ce take shanye hasken, kuma a ma'auni shanyewa da maƙalewa kama suke yi. Ƙungiyar Georg Maret a Konstanz ta Jamus ta ba da irin wannan sanarwa da farar hodar fenti, daga baya a 2016 su da kansu suka sake dubawa suka janye. A 2023 wani babban lissafin kwamfuta da Alexey Yamilov da Hui Cao da wasu suka yi ya nuna cewa ƙwallayen da haske ke ratsawa ba sa maƙale shi, amma na ƙarfe suna yi. A ganina an ɓata shekaru ana ɗaura lezar nan a wuyan Anderson. Tana tashi ko haske bai maƙale ba, jinkirin ya wadatar.

Amfaninta fa? Ku sake duba jan ɗigon nan a bango, ku lura da yadda yake ƙyal-ƙyal kamar an barbaɗa yashi. Wannan yashin yana ɓata hoto idan aka haska abu da leza a ƙarƙashin madubin likita. A 2012 Brandon Redding da Michael Choma da Cao, a Jami'ar Yale, suka nuna cewa leza marar madubi tana ba da haske mai ƙarfi ba tare da yashin ba, saboda launuka da hanyoyi masu yawa suna tashi tare, su shafe zanen juna. A Jami'ar Utah kuma, a 2004, Polson da Vardeny suka jiƙa tsokar ɗan Adam da rini, suka ga tsinayen tsoka mai ciwon daji sun bambanta da na lafiyayya. A 2010 Sergei Turitsyn da tawagarsa a Jami'ar Aston ta Ingila suka yi ta da zaren gilashin sadarwa mai tsawon kilomitoci, irin wanda ke kawo mana intanet, ƙananan aibobin cikin gilashin su ne suka maye gurbin madubi.

Na ga hannu a can. Ƙanwata, ɗaga murya. Tana tambaya ko za a iya haɗa ta a ɗakin gwajinmu. Hoda da rini ba su da tsada. Inda kuɗin yake shi ne lezar da za ta ciyar da su, mai harbi gajere mai ƙarfi, da na'urar da za ta raba launuka har ki ga tsinayen, don da ido ba za ki bambance ba. Wannan ma shi ne babban raunin fannin har yau: yawancinsu sai da wata lezar suke tashi, ba a jona su da batir kai tsaye. Kuma haskenta ba ya bin layi ɗaya, ta kowace fuska yake fita, saboda haka duk wanda ke cikin ɗakin sai ya sa tabarau na kariya kafin a kunna. Sai tambaya ta gaba.