Kukan jirgin ƙasa a bakin mawaƙa

Assalamu alaikum. Jama'a na gode da kuka daure kuka zauna duk da zafin nan. Na baya kuna jina ko? To madalla.

Ni a kusa da tashar jirgi ta Zariya na taso, babanmu ma'aikacin reluwe ne, saboda haka tun kafin in san wani abu wai shi kiɗa kunnena ya riga ya saba da ƙaƙas-ƙaƙas, ƙaƙas-ƙaƙas ɗin nan. Kun san daga ina ƙarar take fitowa? Tsohon layin dogo guntu-guntu ake haɗa ƙarafunansa, a bar ɗan tsaga tsakani saboda in rana ta gasa ƙarfe miƙewa yake yi, to duk sanda ƙafar tarago ta taka tsagar nan sai ta buga, ta gaba ta buga ta baya ta amsa mata, haka har a isa. Layin zamani da ake yi wa walda ya shafe wannan ƙarar, shi ya sa yaran yanzu ko sun hau jirgi ba lallai su ji abinda muka ji ba.

Mawaƙa kuwa sun ji. A Amurka akwai wani makaɗi W.C. Handy, shi da kansa ya ba da labari cewa wajen 1903 yana zaune a tashar wani ƙauye Tutwiler a jihar Mississippi yana jiran jirgin da ya makara, sai ya ji wani baƙar fata yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana rera waƙar inda layukan jirgi biyu suka gitta juna, kuma wannan na cikin labaran farko-farko da ake kawowa in ana maganar kiɗan buluz, wato wani salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. A tasha fa. Masu kallon fim ɗin Indiya kuma, nasan kuna da yawa a ɗakin nan, kun tuna Chaiyya Chaiyya ta 1998 wadda A.R. Rahman ya haɗa, Shah Rukh Khan na rawa a saman tarago jirgi na tafiya? Ku koma ku saurari gangunan, tafiyar jirgin ce sak. Nan kusa da mu a Bamako ma, 1970 hukumar jirgin ƙasa ta Mali ta kafa ƙungiyar makaɗa tata, Rail Band, suna wasa a otal ɗin tasha don matafiya, cikinta Salif Keita da Mory Kante suka yi suna.

Amma wadda ta kawo ni gabanku yau, wadda wallahi har yanzu bana iya jinta ina cin abinci, ita ce Stimela ta Hugh Masekela, mai busa ƙaho ɗan Afirka ta Kudu. Stimela jirgin kwal kenan a bakin mutanen can. Mutumin nan a Witbank aka haife shi 1939, garin haƙar kwal, ya bar ƙasar 1960 saboda mulkin wariyar launin fata, yana can gudun hijira ya fitar da waƙar a 1974. Baya farawa da rerawa. Magana yake yi, a hankali, yana lissafo ƙasashen da jirgin ke kwaso maza daga cikinsu, su Malawi, Zambiya, Mozambik, Angola, Lesotho, ana kai su ramukan zinare na Johannesbag, su shiga can ƙarƙashin ƙasa su yi ta haƙa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, su kwana a bariki cunkus, matansu da yaransu na can gida ba labari. Ƙarƙashin maganar tasa wata 'yar ƙararrawar ƙarfe na bugawa tana ƙara sauri tana ƙara sauri, can sai ya kwarara ihu da muryarsa kamar jiniyar jirgi. Ran da na fara ji tsigar jikina sai da ta tashi. Ma'aikatan nan in suka ji kukan jirgin tsine masa suke yi, don shi ya rabo su da gida.

Wannan ne ya bambanta ta da sauran a wurina. Kwaikwayon ƙarar jirgi abu ne mai sauƙi, ko yara a layinmu mun yi da gwangwani da kara. Masekela mutanen da ke cikin taragon ya sa mu kalla.

Kuma mu ba baƙi bane a wannan zance. Jirgi ya iso Kano a 1911 ta layin Baro, daga baya ya kai Kaura Namoda da Nguru, ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, kowa na yabon dalar gyaɗa. To amma waye ya fasa duwatsun ya ɗauki ƙasa a ka? Kakanninmu ne, aikin diga, ana aiko wa hakimi da dagaci adadin mazan da za su kawo, ko damina ce ko gonarka na jira. Kakata in tana so ta ce abu ya daɗe sai tace tun zamanin diga, kuma bata taɓa faɗa da fara'a ba.

Wata rana, babanmu ya riga ya yi ritaya ido ya fara rauni, na sa masa kaset ɗin a rediyo a zaure. Baya jin turancin sosai balle yaren Zulu. Ya yi shiru yana jan carbi, da aka zo wurin ihun nan sai ya ɗago hannu yace in mayar baya. Na mayar. Ya sake ji, sannan yace "wannan jirgin da kaya yake tafe, ji yadda yake nishi a hawa." Sau uku ya sa na juya masa ranar.

To yanzu ɗan'uwa mai kula da sifika, don Allah saka mana ita daga farko. Tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku ajiye wayoyi, ku bi ƙararrawar nan da kunne tun daga bugun farko. Tambayoyi sai bayan ta ƙare.