Sharhi: Finafinan da ke tuna mana akwai sauran mutanen kirki

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum.

Duk wanda ke bi ta Tsohuwar Kasuwa ko bakin titin Mabera a nan Sakkwato da yamma ya san rumfunan masu cajin waya da tura finafinai. Ka miƙa wayarka, yaron da ke gaban kwamfuta ya ɗago kai ya ce maka, "Wane kaka so, na hwaɗa ko na soyayya?" Zaɓin ke nan, guda biyu. Ka koma gida, tun ba ka buɗe fim ɗin ba, ga bidiyo an turo ta WhatsApp daga wajen Sabon Birni ko Isa, ko dai gawarwaki, ko wani ɗan bindiga yana cika baki. Ka kalla, ka tura wa wani.

Ba mu ce a rufe ido ba. Abin da ke faruwa a gabashin jihar nan gaskiya ne, waɗanda suka baro garuruwansu kuwa ga su nan cikin birni, wasu a kangwaye. Amma idan kullum mugunta ido ke gani, sannu a hankali zuciya takan yanke cewa ɗan Adam ba abin yarda ba ne. Alamar ta fara bayyana. Baƙo ya yi sallama yana neman ruwa, sai an leƙa shi ta kafar ƙofa. Ɗan kabu-kabu ya ga mutum yashe a gefen hanya, sai ya ƙara wuta. Shi ya sa sharhinmu na yau ya karkata ga wani nau'in fim da ba a cika nemansa a rumfunan nan ba.

Akwai wani fim na ƙasar Iran da Majid Majidi ya fitar a 1997, an fi saninsa da suna Children of Heaven, shi ne kuma fim ɗin Iran na farko da ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Oska ta finafinan ƙasashen waje. Labarinsa bai wuce na takalmi ba. Yaro Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra wajen gyara, a kan hanyar dawowa ya ɓace. Sun san mahaifinsu ba shi da kuɗin wani, ga bashin haya, ga uwa ba lafiya, sai suka rufe maganar tsakaninsu. Ita ta sa takalminsa ta je makaranta da safe, ta sheƙo da gudu ta cire masa a lungu, shi kuma ya zura ya ruga tasa makarantar, kullum a makare.

Wata rana Zahra ta hango takalmin nata a ƙafar wata yarinya a makaranta. Ta kira yayanta suka bi ta har ƙofar gida, da niyyar karɓar kayansu. Suna laɓe, sai ga mahaifin yarinyar ya fito, ashe makaho ne mai talla. Yaran nan suka dubi juna, suka juya, ba wanda ya ce uffan. Babu wa'azi a wurin, babu wanda ya gan su balle ya yaba musu. Matalauta ne suka ga wanda ya fi su buƙata, suka haƙura da haƙƙinsu, gobe kuma suka ci gaba da gudun musayar takalmi.

To, a nan ne muke da magana da masu shirya namu finafinan. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara talatin, kuma ba wanda zai ce ba a nuna alheri a cikinta. Ana nunawa. Matsalar ita ce yadda ake nuna shi. Sau da yawa talaka zai taimaki wani tsoho a hanya, kafin a kai ƙarshe sai a gano tsohon attajiri ne, ya ba shi gida da mota, ya haɗa masa da 'yarsa. Ko kuwa a shafe awa biyu ana makirci da bin bokaye, saura minti biyar a ɗauko malam ya yi nasiha, a rubuta alhamdulillahi. Gaskiya ne alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sai dai in aka koya wa yaro cewa ladan alheri mota ce, ranar da ya yi bai ga mota ba zai ɗauka an cuce shi.

Masu fim za su ce kasuwa ce ke juya su, kuma suna da hujja. Yanzu da harkar ta koma YouTube, yawan masu kallo shi ne kuɗi, kuma rigimar kishiyoyi ta fi saurin tara jama'a. Wannan laifin har da mu masu kallo. Amma ba gaskiya ba ne a ce labarin tausayi ba ya sayuwa. Fim ɗin Indiya na 2015 da Salman Khan ya fito a matsayin Bahindun da ya ɗauki wata yarinya bebiya Musulma ya mayar da ita wajen iyayenta a Pakistan, yana cikin finafinan Indiya da suka fi kawo kuɗi a wannan shekarar.

Labarin kuwa ba sai an aro ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san rawar da masu kwalekwale suka taka. Ga 'yan taru na Nana Asma'u, mata masu takowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. A Filato, cikin watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu.

Akwai ma fim ɗin da aka riga aka ɗauka a nan cikin garin Sakkwato, amma da yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba. Asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin naman baki da fuska, an buɗe shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shigo tana tallafa masa tun 2014. Cuta ce ta yaran da yunwa ta raunana, idan ba a yi magani ba tana kashe kusan tara cikin goma, wanda ya tsira kuma yakan ƙare a ɓoye cikin ɗaki saboda kallon mutane. Wasu Faransawa biyu sun shirya fim na gaskiya a asibitin mai suna Restoring Dignity, inda ake ganin iyaye na jinyar 'ya'yansu, likitoci na sake gina fuska kyauta. Cikin ma'aikatan asibitin akwai Mulikat Okanlawon, wadda ita kanta cutar ta taɓa ci, aka yi mata aiki a nan, ta dawo tana kula da wasu. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka daɗe ana sakaci da su, domin a ba su kulawa, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Muna kira ga gidajen talabijin na jihar nan da shugabannin makarantu su nemi izinin nuna irin wannan fim, a fassara abin da ke buƙatar fassara, a kai shi har ƙauyukan da cutar ta fi kama yara.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba. A huta lafiya.