Jawabin maraba ga Farfesa a taron sababbin shugabannin sassa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Furobos, Rijistara, Basa, shugabannin tsangayu, iyayenmu malamai maza da mata, sannunku da zuwa.

Ranka ya daɗe Farfesa, barka da hanya, sannu da gajiya. Mun san yanayin titin da ka biyo, kuma mun san mutumin da ya sauka daga kujerar shugaban jami'a ba ya rasa uzurin da zai ce a yi haƙuri, amma da wasiƙarmu ta isa ba ka ja mana rai ba, ka ce kana tafe. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Waɗannan da ke zaune a gabanka yawancinsu sababbin shugabannin sassa ne, wasu ko sati biyu ba su yi da karɓar makullin ofis ba. Dokokin aiki kam an raba musu, littafi guda, sharuɗɗan jarabawa, ƙa'idar kashe kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, duk suna ciki. To amma ranka ya daɗe ka fi mu sani, abin da ke kayar da shugaba a makaranta ba kasafai yake cikin littafin nan ba. Lokacin admishan ne, ka shigo ofis da safe ka tarar da ɗan ƙaramin kati a kan tebur, bayansa an rubuta suna da lambar JAMB da jan biro, yaron makinsa bai kai ba, gaban katin kuma sunan wanda ba ka iya cewa a'a ne, ga kuma yarinyar da ta ci makinta cif babanta yana zaune a benci a waje tun bayan asuba da fayil a hannu bai san kowa ba sai Allah. Gurbi ɗaya ne. Ko a kama ɗan abokinka da satar amsa, kafin kwamiti ya zauna har gida an biyo ka, wani lokacin ma ta wajen uwargida ake bi. Nan ne ake gane wanda aka naɗa, hali zanen dutse.

Shi ya sa muka nemo ka. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinka sun ba mu labari cewa abin da za ka faɗa a zauren majalisar jami'a shi za ka faɗa a falonka, kuma in ka hana mutum abu kana gaya masa dalili ido da ido, ba ka turo shi wajen magatakarda ya yi ta sintiri har ya gaji.

Kuma muna da magabata a wannan. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko a kujerar, har da shekarun yaƙin basasa a ciki, Kirista ne yana jagorantar jami'ar da Sardauna ya kafa a 1962, har yau in an ambace shi a Zariya da girmamawa ake ambata. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a zamanin soja, daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero a 2005, wato ya zauna a ɓangarorin teburin nan biyu, wanda ke buƙata da wanda ake buƙata a wajensa, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya canza kujera bai canza baki ba. Ko kwanan nan, a watan Mayun 2025, kowa ya ga Farfesa Is-haq Oloyede na JAMB ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya ce kuskuren da aka samu a sakamakon jarabawar shiga jami'a daga wajensu ne, aka sake wa ɗalibai kusan dubu 380 jarabawa. Wasu sun ce kamata ya yi ya ajiye aiki kawai, suna da hujjarsu, ni dai a ganina shugaba ya ce laifina ne a ƙasar nan abu ne da ba mu saba ji ba.

Sai dai ranka ya daɗe kar ka ba mu zaƙin kawai. Malaman nan sun sha yajin aikin wata takwas a 2022, albashi bai isa kai wata, mutumin da ake bin sa kuɗin haya kuma aka miƙo masa ambulan, wa'azi kaɗai ba ya riƙe shi. Muna so ka gaya mana yadda ka yi a ranar da gaskiya ta ja maka asara, wa ka rasa, wa ya daina ɗaga wayarka, kuma ta yaya ake ce wa babba a'a ba tare da an ci masa fuska ba, don wannan ma ilimi ne, mu nan ba ma raba gaskiya da ladabi.

An ware maka minti 40, amma in ka zarce babu mai duba agogo. Bayan nan akwai tambayoyi, sai mu tashi sallar azahar, abinci kuma yana ɗakin taro na ƙasa. Jama'a don Allah a sa wayoyi a shiru.

Bismillah ranka ya daɗe, ga lasifika.