Amsoshin Tambayoyinku: Idan Tsohuwa Ta Daina Cin Abinci

MAI GABATARWA: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau wasiƙunku kan jinyar ƙarshen rayuwa ne a gidajen kula da tsofaffi, ga su nan tuli, lokaci kuma kaɗan. Likita, wani bawan Allah ya ce an mayar da mahaifinsa kan kulawar rage raɗaɗi. Likitoci sun fid da rai ne?

LIKITA: A'a, ana iya fara ta tun ana maganin cutar. Ai wata likita ce 'yar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan St Christopher na kula da masu jinyar ƙarshen rayuwa a Landan a 1967. Ita ta ce ciwo ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, akwai damuwar iyali...

MAI GABATARWA: Likita, dawo mana daga Landan, agogo na hararmu. Wata kuma ta ce: mofin, wato maganin nan mai ƙarfi na rage ciwo, ba ya gaggauta mutuwa?

LIKITA: In an auna shi daidai da ciwon, ba ya yi. Abin lura shi ne yana jawo taurin bayan gida, a haɗa shi da maganin sassauta ciki.

MAI GABATARWA: To, ga wadda ta fi yawa a wasiƙun nan. Wata baiwar Allah ta ce mahaifiyarta cutar mantuwa ta yi mata nisa, tana kau da kai daga cokali, ma'aikata kuma ba su sa mata robar abinci ba. Ta ce, "Ji nake kamar mun bar ta da yunwa."

LIKITA: Allah sarki. Hajiya, da farko a duba bakin Mama. Wani lokaci miki ne, ko haƙori, ko cikinta ne ya ɗaure, ko wani magani ke kashe mata sha'awar ci. Waɗannan ana gyara su. In an duba babu ko ɗaya, to cutar ce ta kai inda jiki ba ya neman abinci, haɗiya ma tana gagara. Cutar ce ta hana ta ci. A irin wannan mataki, bincike bai nuna roba tana ƙara kwana ba, kuma ba ta hana abinci zarcewa huhu ya jawo nimoniya. Da yawa fizge ta suke yi, har a kai ga ɗaure musu hannu.

MAI GABATARWA: Bari in maimaita, don na san akwai masu kuka yanzu haka. A fara duba baki. In lafiya lau yake, ba ku kuka hana ta ci ba.

LIKITA: Haka ne. A zaunar da ita sosai, a ba ta kaɗan-kaɗan da hannu, abin da take so. In ta ƙi, a ƙyale ta, kada ta ƙware. A riƙa jiƙa mata leɓe da baki, a riƙa juya ta saboda gyambon kwanciya.

MAI GABATARWA: Ni kuma ina da ƙorafi. Wasunku sai ku yi wata uku ba ku leƙa ba, ranar da kuka zo ku hau ma'aikata da faɗa. Haba jama'a! A ganina, tun tsoho yana da bakin magana a zauna da shi a ji abin da yake so, asibiti ko inda yake, a sanar da ma'aikata su rubuta. Ta ƙarshe, Likita, a taƙaice: wani ya ce babansa ba ya buɗe ido, yana kakari. Yana jin su?

LIKITA: Ana kyautata zaton ji yana cikin abin da ke tafiya a ƙarshe, ku ci gaba da yi masa magana. Kakarin kuwa yawu ne ya taru a maƙogwaro, a kwantar da shi ta gefe.

MAI GABATARWA: Mun gode, Likita. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.