Mai Gadin da Ke Kusurwa Ma Yana Zane

In kun shiga babban gidan adana zane-zane a Amurka, akwai wani da za ku wuce ba ku ko kalle shi ba. Yana tsaye a kusurwa cikin kakin aiki, hannuwa a baya, aikinsa ya ce muku kada ku taɓa, ko ya nuna muku hanyar ban-ɗaki. To, a cikin irin waɗannan mutane akwai masu zane na gaske, kuma ba kaɗan ba.

Mu ɗauki gidan Metropolitan da ke New York, wanda ake ce wa Met. Tun 1935 ma'aikatansa ke haɗa nunin ayyukan hannunsu lokaci-lokaci, amma a cikin gida kawai, su da baƙin da suka gayyato. Sai a watan Yunin 2022 aka buɗe wa jama'a ƙofa a karon farko. Ma'aikata sama da 450 suka kawo kayansu: masu gadi, ma'aikatan laburare, masu gyaran tsofaffin zane, masu ɗauka da rataye kaya. Akwai zanen fenti, hotuna, sassaƙa, ɗinki. Mako biyu aka ba su. Mako biyu fa, bayan shekara 87 ana yi a bayan labule! Wannan kam rowa ce, amma an ce da babu gara ba daɗi.

Me ya sa masu zane suka yi yawa a wannan aiki? Na farko dai abinci. Zane ba ya biyan kuɗin haya a New York sai ga 'yan tsiraru. Amma akwai abin da ya fi albashin, wato lokacin kallo. Wani bincike da aka yi a Met, aka wallafa a 2001, ya gano cewa mai ziyara kan tsaya gaban zane ɗaya kimanin sakan 27. Mai gadi kuwa wuni yake yi da shi, gobe ma ya dawo. Yana ganinsa da hasken safe, yana ganinsa da yamma, ya san inda buroshi ya danna da inda ya ɗan shafa ya wuce.

Ku dubi Robert Ryman. Busa ce ta kai shi New York, yana son ya zama makaɗin jaz. A 1953 ya kama gadi a gidan zane-zanen zamani na MoMA, ya yi shekara 7 yana tsayuwa gaban ayyukan su Matisse da Cézanne. Bai yi makarantar zane ba. Ya dai sayi fenti da buroshi ya koma ɗaki yana gwadawa, don ya ga yadda fenti ke kwanciya. Daga baya ya yi suna da zanensa na fari a kan fari, kuma a 1993 gidan da ya yi wa gadi ya shirya babban nunin ayyukansa. Dan Flavin ma ya yi gadi a nan, Sol LeWitt kuma ya zauna teburin karɓar baƙi da dare; dukansu biyu daga baya sun yi suna a fagen zane.

Kada dai labarin ya yi zaƙi da yawa. Su Ryman ɗaiɗaiku ne. Yawancin masu gadi haka suke ƙare aikinsu ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu a kan abin da suke tsaro. Mai fasaha Fred Wilson, wanda shi ma ya taɓa gadi, ya nuna wannan a 1991: ya jera gumakan talla huɗu baƙaƙe, marasa kai, kowanne sanye da kakin gadin wani babban gida a New York. Wata rana kuma a gidan zane-zane na Whitney ya gaisa da waɗanda zai zagaya da su, ya ce su haɗu a sama, ya zame ya sa kakin gadi ya je ya tsaya. Suka zo suna ta waige-waigen nemansa, ga shi a gabansu.

Shi ya sa abin da gidan zane-zane na Baltimore ya yi a 2022 ya fi jan hankalina. Can ba cewa aka yi su kawo nasu zanen ba. Masu gadi 17 aka miƙa wa ragama, suka shiga taskar gidan suka zaɓo abin da za a nuna, suka rubuta bayanin da ake mannawa a gefen kowane aiki, suka sa baki a yadda za a jera su. Aikin da aka saba bar wa masu manyan digiri ke nan. An kuma biya su ladan wannan aiki daban da albashinsu, nunin ya tsaya daga Maris har Yuli.